YARON DA YA JI RAUNI A FILIN WASA: YAUSHE ZAI KOMA, ME ZAI YI KAFIN NAN?

Kowace shekara, idan kaka ta yi, aka kawar da gero da dawa daga gona, sai filayen wasa su cika a ƙasarmu. Tun daga Kimba har Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, da wuya mutum ya ratsa unguwa da la'asar bai tarad da yara suna langa, ko kokawa, ko alkafura a kan rairayi ba. Makarantu ma su kan tashi haiƙan wajen shirin gasar guje-guje da tsalle-tsalle, kowane hedimasta yana so a ce yaransa ne suka zo da kofi. Wannan duk abin so ne. Amma da hunturu da bazara ƙasa ta kan bushe ta yi tauri kamar daɓe, har faɗuwar da za ta ƙare da dariya da damina, yanzu sai ta ƙare da targaɗe ko karaya.

Ba wanda ya isa ya hana yaro faɗuwa. Abin da ke hannun malami shi ne abin da zai biyo bayan faɗuwar, a nan kuwa kuskure iri biyu a kan yi. Na fari, a yi gaggawar mai da yaro fili domin ranar gasa ta matso, shi ne kuwa gwanin makaranta. Na biyu, a ce ya je gindin bishiya ya zauna sai ya warke, a manta da shi har wata uku, ya dawo jiki ya mutu, zuciya ta karai. Abin da na ke so in jawo hankalin 'yan'uwana malamai a kai shi ne, ranar komawar yaro wasa, gaɓar da ta ji ciwo ita ke yanke ta, ba takardar gasa ba. Kafin ranar ta zo kuwa, yaron yana da aikin yi kullum, malaminsa ma haka.

GANI GA WANE

Akwai wani wasa da Turawa ke kira jimnastik, watau alkafura da lanƙwasa jiki, da lilo a jikin sanduna, da tafiya a kan siririn katako. Kayansa ba su yawaita a makarantunmu ba, amma babu wasan da ya fi shi abin koya mana a wannan batu, domin tun yara suna shekara 5 ko 6 a ke fara horad da su, masu koyad da shi kuma da tsada suka sayi iliminsu.

A shekarar 1978, a birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, wata yarinya 'yar Rasha mai suna Elena Mukhina ta zama zakarar duniya a wannan wasa, tana da shekara 18. A 1979 ta karye a ƙafa. To, gasar Olimfik ta 1980 a Mosko za a yi ta, saboda haka aka matsa aka cire mata ɗaurin asibiti tun ƙashi bai gama haɗuwa ba. Ta koma horo jiki bai koma ba, ga shi ana koya mata wata alkafura mai haɗari, wadda a ke sauka ta ka a mirgine. Ran 3 ga Yuli 1980, a birnin Minsk, saura kamar mako biyu a buɗe gasar, ta faɗi a kan haɓa, ƙashin wuyanta ya karye. Daga ranar nan jikinta ya shanye tun daga wuya har ƙasa, haka ta zauna har ta rasu a 2006, tana da shekara 46. Daga baya an haramta wannan alkafura.

A 1996 kuma, a gasar Olimfik ta birnin Atlanta, wata 'yar Amurka, Kerri Strug, ta gurɗe idon sawu a tsallenta na fari. Aka ce ta sake, ta sake, ta dira, sa'an nan ta durƙushe, sai ɗaukarta aka yi. Ƙasarta ta ci zinariya, duniya ta yi ta yabo. Da aka zauna aka yi lissafi, sai aka ga ko ba ta yi tsalle na biyu ba, Amurka ta riga ta ci. Ita kuwa ciwon ya hana ta shiga sauran wasannin da ta cancanci yi ita kaɗai.

Bayan shekara 25, a gasar Tokyo da aka yi a 2021, gwanar duniya Simone Biles ta ji idan ta tashi sama ba ta gane inda ƙasa ta ke, sai ta janye daga yawancin wasanninta. Wasu suka yi ta zarginta. Ta huta, ta koma horo sannu a hankali, a 2024 a birnin Paris ta ci zinariya uku. Tsakanin waɗannan labarai hukumomin wasan sun yi gyara. Tun 1997 yarinya ba ta shiga gasar manya sai ta kai shekara 16. A 2022 kuma wani bincike da wata lauya, Anne Whyte, ta yi a Ingila ya nuna yadda aka riƙa tilasta wa yara horo da rauni a jikinsu, aka yi tir da wannan. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

ƘASHIN YARO DABAN NE

Dalilin da ya sa raunin yaro ke bukatar kula ta musamman shi ne, ƙashinsa bai gama ginuwa ba. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi, kamar na hannu da cinya da ƙwauri, akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Bari mu kira shi faifan girma. Ba ya rufewa ya zama ƙashi sai wajen shekara 15 ga 'ya mace, wajen 17 ga ɗa namiji, wani ya riga, wani ya jinkirta.

Faifan nan ya fi jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa rauni. Saboda haka murɗewar da za ta zama targaɗe ga babban mutum, ga yaro tana iya zama karaya a faifan girma. Likitocin ƙashi sun ƙiyasta kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na karayar yara a nan ta ke faruwa. Yawancinsu su kan warke sarai idan an kula. In kuwa aka yi sakaci, girma na iya tsayawa a wurin, ko gefe ɗaya ya tsaya ɗaya ya ci gaba, bayan shekara ɗaya ko biyu a ga ƙafa ta gajarce ko hannu ya karkace, lokacin kuwa kowa ya manta da ranar da aka faɗi. Don haka kalmar nan da mu kan yi saurin faɗi, “ai targaɗe ne kawai,” malami ya yi hattara da ita.

Akwai kuma ciwon da ba faɗuwa ke kawo shi ba, yawan maimaita abu ɗaya ne. Masu alkafura a wuyan hannu ya ke kama su, domin kullum a kansa su ke ɗora nauyin jiki. Masu gudu da tsalle kuwa a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya, musamman shekarun da yaro ke miƙewa da sauri. Irin wannan ba ya zuwa da ihu. Yaro sai ya yi ta ɗingishi kaɗan-kaɗan, a ce raki ne. Maganinsa na fari shi ne a rage abin da ke jawo shi na wasu makonni.

RANAR DA AKA FAƊI

Da yaro ya faɗi ya kama wuri, wasansa na ranar ya ƙare. A zaunar da shi, a gwada gaɓar da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen. A sa tsumma mai ruwan sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, kamar minti 15, a ɗaga gaɓar sama. Kada a ja, kada a murza, kada a ce ya taka da ƙarfi wai don ya sake. Idan gaɓa ta karkace, ko ya kasa taku huɗu a kanta, ko an danna ƙashi kusa da gaɓa ya zabura, ko yatsu sun yi masa kamar ba nasa ba, to sai asibiti, a tallafe gaɓar da ɗan katako ko kwali ba tare da an matse ba.

A ƙasarmu ba za a yi maganar karaya a tsallake Aliero ba. Garin ya yi suna a kan ɗori kamar yadda ya yi suna a kan albasa, mutane na zuwa daga nesa, sana'a ce kuma ta gado. Malamin da ya tsaya gaban uban yaro yana kushe maɗora, ba abin da zai samu sai a daina jin maganarsa. Abin da ya fi shi ne ya roƙi uba abu uku cikin ladabi.

Na ɗaya, a fara ɗaukar hoton ƙashi, domin hannu, kome gwanintarsa, ba ya ganin faifan girma. Na biyu, akwai raunin da asibiti kaɗai ya dace da shi: karayar gwiwar hannu, inda manyan jijiyoyin jini ke wucewa dab da ƙashi, karayar da ƙashi ya huda fata, ciwon ƙugu, da duk abin da ya taɓa wuya ko baya. Idan ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na uku, ko wane ne ya yi ɗaurin, a riƙa duba yatsu. Gaɓar da ta karye kumburinta ƙaruwa ya ke yi cikin kwana biyu ko uku na fari, ɗaurin da ya yi daidai yau gobe yana iya matsewa ya tare jini, tsokar da ta rasa jini kuwa cikin awoyi kaɗan ta ke mutuwa. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka sake launi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa har miƙe yatsa ya gagara, a sassauta ɗaurin a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

HORO CIKIN JINYA

Ga inda masu koyad da jimnastik na kirki suka yi mana nisa. Yaron da ya ji rauni ba sa sallamarsa gida. Ya kan zo fili tare da 'yan'uwansa, a lokacin da aka saba, amma da nasa jadawalin dabam. Ƙa'idarsu ita ce, gaɓar da ta ji ciwo ta huta, sauran jiki ya yi aiki, bisa ga abin da likita ya yarda.

A ɗauki yaron da ya karye a wuyan hannu. Ƙafafunsa lafiya lau su ke. Zai iya tafiya da sauri, ya yi durƙuso da miƙewa, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ƙarfafa ciki da baya yana kwance. Abin da za a hana shi shi ne duk abin da zai iya kayar da shi a kan hannun. Wanda ya gurɗe idon sawu kuwa, zai iya jifa da cafe ƙwallo yana zaune, ya motsa kafaɗu da ƙugu, ya ɗaga ƙafa a miƙe yana kwance. Masana sun kuma gano wani abin mamaki: idan aka horad da gaɓa mai lafiya, 'yar'uwarta da ke cikin ɗauri ba ta cika rasa ƙarfi da yawa ba, domin ƙwaƙwalwa ɗaya ke sarrafa su duka biyu. Wannan yana da amfani, gama tsokar da ba ta motsi cikin mako biyu ta kan fara ramewa.

Ban da jiki, akwai zuciya. Yaron da jiya a ke yi wa kirari, yau ya ga an juya masa baya, ya kan ɗauka darajarsa a ƙafarsa kaɗai ta ke. Irin wannan shi ne ke ɓoye ciwo gaba. A ba shi aiki a fili: ya riƙe agogo, ya auna tsalle, ya rubuta sakamako, ya gyara wa ƙanana tsayuwa. Sau da yawa wanda ya yi mako shida yana kallo da idon basira ya kan dawo ya fi da fahimtar wasan.

A kuma tuna wa iyaye ƙashi da abinci ya ke haɗuwa. Wake, da gyaɗa, da nono, da kifi, da ƙwai, da zogale duk ba su gagare mu ba. Kada a rage wa yaro tuwo wai don ba ya gudu, kada kuma a hana shi barci isasshe.

KOMAWA MATAKI-MATAKI

Cire ɗauri ba shi ne warkewa ba. Karayar hannun yaro ta kan ɗauki mako 4 zuwa 8 a ɗaure, amma ƙashin yana nan da sauran rauni, yana kuwa iya sake karyewa a wuri ɗaya cikin watannin da ke biye. Bayan likita ya ba da izini, sai a bi tsani, kada a tsallake mataki:

1. Ya iya harkar yau da kullum, tafiya da ɗaukar jaka da zaman salla, ba zafi.
2. Gaɓar ta lanƙwashe ta miƙe kamar 'yar'uwarta.
3. Ƙarfinta ya kusa daidai da na ɗaya gefen. Ga ƙafa, a sa shi ya yi ɗage a kanta, sa'an nan ya yi tsallen langa, a gwada da mai lafiyar.
4. Gudu a hankali a miƙe, a ƙasa mai laushi. Ga hannu, ya fara jingina da bango kafin ya dafa ƙasa.
5. Juyi da tsalle a kan rairayi, rabin abin da ya saba.
6. Cikakken horo tare da 'yan'uwansa.
7. Gasa.

Mai hukunci a kowane mataki shi ne washegari. Idan ya kwana ya tashi da kumburi, ko zafi, ko ɗingishi, sai a koma mataki ɗaya baya. Sannu ba ta hana zuwa. Kada kuma malami ya dogara ga bakin yaro kaɗai, domin mun tarbiyyantad da 'ya'yanmu a kan kunya da jarunta. Ɗa namiji yana gudun a ce rago ne, 'ya mace tana jin nauyin faɗa wa malami namiji inda ke mata ciwo. A tambaye shi shi kaɗai, ba gaban tsara ba, 'yan mata kuwa malama ta tambaye su. A kuma duba tafiyarsa sa'ad da bai san ana kallonsa ba.

Abu ɗaya ne ba shi da uzuri ko kaɗan: a ba yaro ƙwayar kashe zafi, balle irin su tiramol, domin ya iya shiga gasa. Zafi ɗan aike ne. Wanda ya rufe bakin ɗan aike bai kashe wutar da aka aiko shi ya faɗa ba.

KAI, DA WUYA, DA SIKILA

Yaron da ya bugu a ka, ya ga jiri, ko ya ruɗe, ko ya manta abin da ya faru, ba ya komawa wasa ranar nan, ko da bai suma ba, ko da ya rantse ya warke. Ya huta kwana ɗaya ko biyu, ya fara komawa aji kafin fili. A Ingila, ƙa'idar da aka fitar a 2023 domin makarantu da ƙananan ƙungiyoyi ta ce kada ya shiga gasa sai bayan kwana 21. Idan yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko ciwon kai na ƙaruwa, asibiti nan take. Wanda ya faɗi ta ka wajen alkafura ko kokawa yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa. A riƙe kansa yadda ya ke, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kai da jiki a miƙe.

Sai mai sikila, watau amosanin jini. Ciwon ƙashinsa na iya tashi bayan gudu cikin zafi da ƙishirwa, ko cikin sanyin hunturu, ba tare da ya faɗi ba. Wannan ba na ɗori ba ne, na ruwan sha ne da asibiti. Wajibi ne malamin wasanni ya san masu wannan lalura a cikin yaransa tun farkon shekara.

GA MA'AIKATAN OFIS

Wannan magana ba ta malamai kaɗai ba ce. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ko kwabo ba ya fita baitulmali sai an shigar da shi littafi. Gaɓar yaro ta fi kwabo. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye littafin rauni: sunan yaro, da rana, da inda ya ji ciwo, da yadda ya ji, da inda aka kai shi, da ranar da ya hau kowane mataki, da wanda ya ba da izinin komawa. Idan aka duba littafin a ƙarshen shekara aka ga yara uku sun gurɗe a wuri ɗaya, an san laifin na fili ne.

Masu tsara kasafin kuɗi a Jega da Aliero da Maiyama kuma su tuna da abubuwa uku marasa tsada: rairayi a ramin tsalle, a riƙa kaftarsa kafin kowane horo, akwatin taimakon gaggawa mai kaya a ciki, da 'yan kuɗin mota a hannun hedimasta domin kai yaro asibiti. Masu shirya gasa kuwa su yarda a sauya ɗan wasa idan ya ji rauni, domin makarantar da ta san za ta rasa maki ita ce ke shigo da mai ɗingishi.

Kofi, idan ya kuɓuce bana, baɗi ana sake wata gasar. Yaron kuwa manomi ne na gobe, ko malami, ko direba, da wannan hannun da wannan ƙafar zai ci abinci har tsufansa. Iyayensa sun kawo mana shi da gaɓoɓinsa cikakku, amana ce mu mayar musu da shi haka. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.